Kwamfuta Ta Shimfiɗa Tabarma: Wa Zai Rubuta Dokokin Wasa?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa Samaru da la'asar sakaliya ya san majalisun 'yan dara. Akan haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, wannan ya riƙe tsinkaye 12, abokin karawarsa ya riƙe tsakuwa 12, 'yan kallo kuwa su yi da'ira, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Idan aka gangara Sabon Gari sai a tarar da samari a gaban shaguna sun duƙufa a kan ludo ko katin Whot. Akwai tambaya guda da baƙo mai hankali kan yi kafin ya zauna a irin waɗannan majalisu, ita ce, "Da wace doka kuke yi a nan?" Ya san cewa ko da gurabe da 'ya'yan wasa iri ɗaya ne, abin da ya halatta a wannan majalisa yana iya zama laifi a waccan.

Yanzu wannan tambaya ta isa ga na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. An ƙirƙiro manhajoji masu shimfiɗa fagen wasa a fuskar na'urar, su kuma bar wa mai amfani da su damar zuba dokokin da yake so. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, bai kamata ɗaliban sakandare su tsaya ga yin wasa da dokokin da wasu suka zuba ba. Ya kamata a koya musu rubuta doka da sauya ta, domin aikin nan horo ne na kimiyya, kuma ta hanyarsa ne za a hana wasannin Hausa rasa ire-irensu.

Wasan Kwaikwayo Na Zaune

Waɗannan manhajoji an fara yin su ne saboda wani irin wasa da za a iya kira wasan kwaikwayo na zaune. Ba a hawa dandamali, babu kuma 'yan kallo. Mutum huɗu ko biyar sukan zauna, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum na cikin labari, sannan jagoran wasa ya riƙa bayyana musu halin da suke ciki. Alal misali, a ce labarin ayarin fatake ne da ya tashi daga Zariya za shi Gwanja sayen goro. Wani ya zama madugu, wani jagaba, wani mai kula da jakuna. Jagora ya ce kogi ya kawo, madugu ya ce zai sa a haye da igiya. Shin za a haye lafiya ko kaya za su salwanta? A nan ne doka take shigowa. Sai a dubi takardar da aka rubuta ƙarfi da ƙwarewar madugu da lambobi, a jefa dayis, watau ƙwayar nan mai lambobi da ake jefawa a ludo, a haɗa lissafi, a yanke hukunci.

Wasan da ya fara shahara a wannan fanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. Amma ɗaukar matsayin wani ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Yaran da ke tashe da watan azumi suna yi, haka ma samarin ƙauye da ke naɗa sarki da alƙali da dogarai a bikin kalankuwa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne rubuta doka da shigo da lissafi.

Da intanet ta yaɗu sai aka so abokai su yi wasan ko da ba sa gari ɗaya. Aka fito da Fantasy Grounds a 2004, da Roll20 a 2012, da Foundry a 2020, shekarar da kullen annobar korona ya tura jama'a da yawa ga irin waɗannan manhajoji. Turawa suna kiran su teburi, saboda a kan teburi suke wasa. Bahaushe kuwa a kan tabarma yake zama, don haka a nan za a kira su tabarmar kwamfuta. Tabarmar takan ba da taswira, da 'ya'yan wasa da ake turawa, da dayis, da takardar kowane ɗan wasa. Hikimar maƙeranta ita ce sun raba tabarma da doka. Tabarma ɗaya tana ɗaukar wasanni masu yawa, muddin an sami wanda zai faɗa mata dokar kowanne.

Doka Lissafi Ce

Don me ba za a yi doka ɗaya kowa ya huta ba? Dalili shi ne kowace doka tana haifar da irin duniyarta. Dungeons & Dragons ya dogara ne a kan dayis guda mai fuska 20. Kowace lamba daga 1 zuwa 20 tana da rabo daidai da 'yar'uwarta, watau kashi 5 cikin 100. A irin wannan wasa babbar sa'a da babbar asara suna zuwa a kai a kai. Wani wasan mai suna GURPS, wanda ya fito a 1986, yana amfani da dayis uku masu fuska shida, a haɗa abin da suka nuna. Hanyoyin faɗuwarsu 216 ne. Hanya ɗaya tak ce ke ba da 3, ɗaya ce kuma ke ba da 18, amma hanyoyi 27 ne ke ba da 10, wasu 27 su ba da 11. Idan aka tattara daga 8 zuwa 13 za a sami hanyoyi 146, watau fiye da kashi biyu cikin uku. A wannan duniyar tsaka-tsaki ya fi yawa, gwani yakan yi nasara galibi, abin mamaki kuwa sai jefi-jefi.

Ɗalibin ilmin halittu ya san wannan siffa. Idan aka auna tsawon ɗalibai a aji, ko tsawon karan dawa a gona, za a ga kaɗan ne dogaye ƙwarai, kaɗan ne gajeru ƙwarai, mafi yawa suna tsakiya. Sanadin haka shi ne tsawo ba ƙwayar gado ɗaya ce ke hukunta shi ba, ƙwayoyi da yawa ne ke haɗuwa, kowace ta ba da nata ɗan rabo, tare da tasirin abinci da muhalli. Dayis uku da aka haɗa ƙaramin misali ne na wannan. Ashe wanda ya zaɓi dayis ɗaya ko uku ya riga ya yanke hukunci a kan yadda sa'a za ta gudana, ko ya sani ko bai sani ba.

Yadda Ake Koya Wa Tabarma Doka

Aikin yana da hawa uku. Hawa na farko shi ne gajeren umurni. A Roll20, idan aka ba da umurnin jefa 3d6+2, na'urar za ta jefa dayis uku masu fuska shida ta ƙara 2. Ana iya ajiye umurnin a maɓalli guda a riƙa danna shi. Ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare zai koyi wannan a zama ɗaya.

Hawa na biyu shi ne tsara takardar ɗan wasa. A nan ne ake yanke shawarar abubuwan da za a auna. Wasan fatake zai buƙaci gurbin juriya da iya ciniki da sanin hanya, wasan noma kuwa zai buƙaci gurbin iri da taki da ruwan sama. A Roll20 ana gina takardar da HTML da CSS, watau harsunan da ake gina shafukan intanet da su.

Hawa na uku shi ne rubuta dokar wasa gaba ɗaya, yadda na'ura za ta hana motsin da bai halatta ba, ta kuma yi lissafi da kanta. Foundry yana karɓar wannan da harshen JavaScript, Fantasy Grounds kuma da harshen Lua. Akwai kuma manhajoji na kyauta waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kowa ya duba cikinsu, irin su MapTool da Vassal.

A kowane hawa darasi ɗaya ne ke maimaita kansa: kwamfuta ba ta san kara ba, ba ta san "ai kowa ya sani" ba. Abin da ba a faɗa mata filla-filla ba, babu shi a wurinta.

Dara A Gaban Na'ura

A ɗauki dara. Gwanin da ya shekara 40 yana bugawa zai ce dokarta ba wuya: a dasa 'ya'ya, a riƙa turawa gurbi ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawa. To, amma ɗalibin da ya zauna zai rubuta wa na'ura wannan doka zai ci karo da tambayoyi. Shin an yarda a jera uku tun lokacin dasawa? Idan turawa ta haifar da huɗu a layi, an ci, ko ba a ci ba, ko kuwa motsin ne ma haramun? Shin ana cire ɗan da ke cikin jerin uku na abokin karawa? Idan motsi ɗaya ya haifar da jeri biyu, ɗa nawa za a cire? Idan mutum ya rasa inda zai tura, ya faɗi ne ko a tsallake shi? Majalisu ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Ko yawan gurabe ma akan sami bambanci, domin akwai masu bugawa a kan 42. Zabarmawan Nijar suna da tasu, suna kiranta dili.

Haka abin yake a sauran wasanni. Ludo, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 daga wasan pachisi na Indiya, da dayis ɗaya Turawa suka san shi, amma a Nijeriya da biyu aka fi bugawa. Katin Whot ma daga Ingila ya zo, amma a nan ne lamba 14 ta zama mai tura kowa kasuwa, kuma har yau akan yi gardama a kan aikin lamba 5 da lamba 8.

Haɗarin a nan yake. Yaron da ya koyi dara a wayar hannu zai ɗauka dokar da ke cikin wayar ita ce dara, ta kakansa kuwa kuskure ce. Wanda ya rubuta manhajar ƙila bai taɓa ganin ana bugawa ba, a littafi ya karanta. Bayanin dara da ya fi yaɗuwa a ƙasashen Turai shi ne wanda R. C. Bell ya kawo a littafinsa na wasannin duniya a 1960, kuma darar Dakarkari ce ya bayyana, mutanen ƙasar Zuru. Ba laifi ya yi ba, iri ɗaya ya rubuta cikin ire-ire. Haka nan a 2002, lokacin da John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amsterdam suka sa kwamfuta ta ƙididdige dukkan yanayi fiye da biliyan 889 na wasan awari, dangin darar nan mai gurabe 12 da ake zagayawa da 'ya'ya, suka gano cewa idan babu mai kuskure canjaras za a tashi. Sakamakon gaskiya ne, amma a kan doka ɗaya da suka zaɓa. A sauya sharaɗi guda, sai a sake lissafi.

Manazarta aikin gona a Samaru sun san darajar ire-ire. Cutar nan mai nannaɗe ganyen gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 1975. Juriyar da masu kyautata iri suka yi aiki da ita wajen yaƙar cutar daga tsofaffin ire-iren manoman Afirka ta Yamma aka samo ta. Shi ya sa cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suke adana iri, ko da ba shi ne ake yayi ba. Dokokin wasa ma iri ne. Masana a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Cameron Browne, sun gudanar da wani shiri daga 2018 zuwa 2023 inda suka rarraba wasannin gargajiya zuwa ƙananan guntayen doka, suna kwatanta su kamar yadda ake kwatanta ƙwayoyin gado don gano dangantaka. Manhajarsu mai suna Ludii kyauta ce, tana ɗauke da wasanni fiye da 1,000, har da dangin dara na Afirka ta Yamma, kuma kowa yana iya rubuta nasa a cikinta. Abin da masanan ba su da shi shi ne dattijon Samaru a kusa da su. Ɗalibin Zariya kuwa yana da shi a ƙofar gida.

Sauya Doka Gwaji Ne

Babbar fa'idar wannan aiki tana cikin aji. Masanin kimiyya yakan sauya abu ɗaya, ya bar sauran yadda suke, ya ga abin da zai faru. Mai gyara dokar wasa ma haka yake yi.

A ɗauki darasin amosanin jini, watau sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS. Malami zai iya raba wa ɗalibai katunan mutanen wani ƙauye na ƙage, a zuba wake fari a matsayin A, ja a matsayin S. Idan uwa da uba duka AS ne, kowannensu yana da ƙwarya mai fari ɗaya da ja ɗaya, a rufe ido a zaro guda daga kowace. Rabon AA ɗaya ne cikin huɗu, na AS biyu, na SS ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan an haifi mai SS guda, to uku masu zuwa sun tsira. Wasan zai nuna musu cewa ba haka ba ne, domin bayan kowace haihuwa ana mayar da wake cikin ƙwarya. A gida mai 'ya'ya huɗu, rabon a ce babu mai SS ko ɗaya 81 ne cikin 256, watau ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Wannan lissafi ne da ya shafi aure da rayuwa, kuma shi ne dalilin gwajin jini kafin a ɗaura.

Daga nan sai a faɗaɗa wasan ya zama na ƙauye duka, zuriya bayan zuriya. Doka ta farko ta kwatanta zamanin da babu asibiti, lokacin da masu SS ba safai suke kai shekarun haihuwa ba. Za a ga jan wake yana raguwa. Sai ɗalibi ya tambaya, to me ya sa S bai ƙare ba a ƙasar nan? A nan sai a ƙara doka ta biyu, ta zazzaɓin cizon sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi masu AA tsira daga mummunan zazzaɓin. Idan aka sa wa wasan sharaɗin cewa zazzaɓi yana ɗauke ɗaya cikin kowane AA shida, jan wake zai daina raguwa, ya tsaya wajen ɗaya cikin bakwai, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na jarirai za su riƙa zuwa da AS. Doka ta uku ta shigo da gidan sauro da magani da kulawar da ta sa masu SS a yau suke girma, su yi karatu, su yi iyali. Da hannu zuriya ɗaya tana iya cinye darasi guda. Da tabarmar kwamfuta kuwa, da zarar ɗalibai sun rubuta dokar, za a zaro wake dubbai cikin ƙiftawar ido. Sharaɗi dai shi ne katunan na ƙage ne, kada a nemi wani ɗalibi ya bayyana jininsa a gaban aji.

Abin Da Masu Suka Ke Cewa

Wasu iyaye za su ce wannan ƙofar caca ce. Damuwarsu tana da tushe, domin shagunan caca sun yawaita a garuruwa, kuma malaman addini da yawa sun hana wasa da dayis. Wannan fage nasu ne, ba kuwa sai an yi jayayya da su ba. Darasin ba ya buƙatar dayis, wake da ƙwarya sun wadatar, kuma ba a sa ko kwabo. Hasali ma yaron da ya ƙididdige rabo da hannunsa ya fi kowa sanin cewa mai gidan caca ya tsara dokarsa ne yadda shi zai ci riba.

Wasu malamai za su ce babu wuta, babu na'ura, ga jarrabawar WAEC da NECO a gaba. Gaskiya ne. Amma kashi mafi wuya na aikin, watau tattaro doka da rubuta ta ba tare da giɓi ba, da takarda da fensir ake yin sa. Na'ura ɗaya ta isa aji a matakin ƙarshe, kuma Ludii ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi. Lissafin rabo da gadon halitta kuwa duk suna cikin tsarin karatun da ake jarrabawa a kai.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi: rubuta doka yana daskarar da ita. Maganin wannan shi ne kada a rubuta "dokar dara", a rubuta "darar majalisa kaza, a unguwa kaza, a shekara kaza", a kuma gina manhajar yadda kowace gardama za ta zama zaɓi da ɗan wasa zai kunna ko ya kashe. Wannan ne ya sa ya kamata makarantu su fifita manhajoji masu buɗaɗɗiyar ƙofa. A watan Janairu na 2023 kamfanin da ya mallaki Dungeons & Dragons ya nemi sauya lasisin da ya bai wa jama'a damar gina wasanni a kan dokokinsa tun 2000. Sai da 'yan wasa suka yi ca a kansa sannan ya janye. Wanda ya yi gini a filin aro, ranar da mai fili ya so zai tashe shi.

Kammalawa

Aikin ba ya buƙatar jiran gwamnati. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Samaru da Sabon Gari tana iya ɗaukar wasa ɗaya a zangon karatu guda. Ɗalibai su je majalisu uku ko huɗu da ladabi, su gaida dattawa, su nemi izini, su rubuta dokar kowace. Su dawo aji su ba wani rukuni da bai san wasan ba ya buga da takardar kaɗai, duk inda aka cije an gano giɓi ke nan, sai a koma a tambaya. Bayan haka a zuba dokar a na'ura, a kai wa dattawan su gwada su yi gyara. Jami'ar Ahmadu Bello tana da masana kwamfuta a Cibiyar Iya Abubakar, tana da masana harshe da al'adun Hausa, tana da masana lissafi da halittu, duk a harabar Samaru. Haɗa su da makarantun da ke kewaye da ita ba zai gagara ba.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Dattawan da suka san ire-iren dara suna nan da ransu, amma kullum raguwa suke yi, ƙananan yara kuwa hankalinsu ya koma kan waya. Idan ɗaliban Zariya ba su rubuta waɗannan dokoki ba, wani zai rubuta guda ɗaya daga nesa, ita ce kuma jikokinsu za su tarar.